Kogin da Bai Zama Hanya Ba: Jiragen Ruwa da Kafuwar Birnin Kaduna

Duk wanda ya shiga lambun Ƙofar Gamji a nan Kaduna, ya gangara wajen bakin kogi, zai tarar da wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, wadda ake kira Gadar Lugga. Ba a nan aka fara kafa ta ba. A Zungeru aka gina ta cikin 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo ta nan, cikin 1956 kuma aka sa ta cikin jerin kayayyakin tarihi na ƙasa. Zungeru da Kaduna duk a bakin kogi guda suke, amma ba shi yiwuwa a ce gadar nan ta biyo kogin, domin babu jirgin kaya da zai iya tasowa daga Zungeru ya iso nan ta ruwa.

Wannan shi ne abin da muke so mu duba a wannan maƙala. Ga birni an raɗa masa sunan kogi, an gina shi a gaɓar kogi, amma bai taɓa zama tashar jiragen ruwa ba. Waɗanda suka kafa shi kuwa sun fito ne daga ƙasar da ta yi suna wajen haƙa koguna da hannu, ta yi arziki da su, amma ba su haƙa ko mil guda ba a Arewa domin jirgi. Za mu yi ƙoƙari mu nuna dalili, mu kuma nuna waɗanda abin ya faɗa a kansu.

Siraran jiragen Ingila

Ya kamata mu fara da abin da Turawan suka baro a gida. Cikin 1761 aka buɗe wani haƙaƙƙen kogi, wato abin da manoman rani ke kira kanal, wanda wani basarake mai laƙabin Bridgewater ya sa aka haƙa domin kai gawayin kwal daga ma'adinansa zuwa Manchesta. Ba a daɗe ba kuɗin kwal ya faɗi da kusan rabi a birnin. Ganin haka sai attajirai suka yi ca, aka shiga haƙa ko'ina. Injiniya James Brindley, wanda ya yi aikin nan na farko, shi ne ya tsara awon da akasarin haƙaƙƙun kogunan tsakiyar Ingila suka bi, wato jirgi ya zama tsawonsa kimanin ƙafa 70, faɗinsa kuwa kada ya kai ƙafa 7 cif. Shi ya sa ake ce musu siraran jirage. In da Banufe zai ga ɗaya daga cikinsu, da ba zai yi baƙunta da siffarsa ba.

Abu biyu ke tafiyar da siririn jirgi. Na farko doki. Akan share turba a gefen ruwa, a ɗaura wa doki doguwar igiya, yana tafe yana jan jirgin, ba sauri, mil biyu ko uku a sa'a guda. Amma fa dokin nan guda yana jan kayan da ya kai tan 25. Mu kwatanta da namu. Kayan da Turawan mulki suka ƙayyade wa ɗan alaro ya ɗauka a ka kimanin laba 60 ne. Ashe ke nan abin da doki guda da mutum biyu ke kaiwa a ruwa, sai an tara 'yan alaro fiye da 900 kafin su ɗauke shi, kowannensu kuma sai ya ci abinci a hanya.

Na biyu shi ne matakalar ruwa. Ruwan kanal a kwance yake, ba ya gudu, saboda haka in ƙasa ta yi tudu sai a gina wani ɗaki na bulo a tsakiyar ruwan, daidai tsawon jirgi, da ƙyaure gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙyauren baya, a saki ruwan sama ya cika ɗakin, jirgin ya ɗago har ya yi daidai da ruwan gaba, sa'an nan a buɗe masa ya wuce. A wani wuri da ake kira Tardebigge an jera irin waɗannan ɗakuna 30 domin a hau ƙafa 220 kacal. Duk jirgin da ya wuce ɗaki guda kuwa, ruwa kimanin galan 25,000 ya gangara ke nan, ba ya komowa. Don haka tilas a sami ruwan da zai riƙa zuba a ƙololuwar hanyar rani da damina. A riƙe waɗannan alkaluma, za mu komo gare su.

Zamanin nan bai yi tsawo ba. Cikin 1830 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Libaful da Manchesta, daga nan kasuwar siraran jirage ta fara ja da baya. Da kuɗin dako ya karye, sai matuƙa da yawa suka saki gidajen haya suka kwashe iyalinsu suka koma cikin ɗan ɗakin da ke bayan jirgi, mata da yara suka zama su ne ma'aikata. Saboda haka samarin da aka turo mana cikin 1900 sun taso ne suna kallon kanal a matsayin abin kakanni. Abin alfaharinsu reluwe ne. Wannan ma dalili ne, ko da yake ba shi ne babba ba.

Fatake da masu jirgi

A ƙasar Hausa ta asali, kogi abin ƙetarewa ne. Kano da Katsina da Zariya a kan tudu suke, inda ruwa ke rabuwa, wani ya nufi Tafkin Chadi, wani ya nufi Kwara. Kogunan da ke kusa da su sukan cika su tumbatsa wata uku ko huɗu, sa'an nan su bar rairayi. Don haka dukiyar Hausawa a kan jaki da takarkari da raƙumi da kan ɗan Adam ta yi tafiya. Madugun da ya ɗauki ayari zuwa Gwanja domin goro, ko zuwa Nufe da kanwa da dawaki, abin da ya dame shi da kogi shi ne inda zai sami fito da nawa zai biya.

Ba wai babu ma'abota ruwa ba ne. Akwai Sarkawa a Kabi da Yawuri, akwai Gungawa a tsibiran Kwara, akwai Kakanda can wajen Lakwaja. Sa'ad da Richard Lander da ƙanensa John suka gangaro Kwara cikin 1830, sun sadu da wani sarki mai jirage masu yawa a tsibirin da ke fuskantar Raba, suka rubuta sarautarsa yadda kunnensu ya ji, amma duk Bahaushen da ya karanta zai gane Sarkin Ruwa ake nufi.

Waɗanda suka fi shafar kogin Kaduna su ne Kyadya, wani reshe na Nufawa da Turawa suka rubuta Kede. Masanin nan S. F. Nadel, wanda ya zauna a ƙasar Nufe tsakanin 1934 da 1936, ya bayyana su da cewa daula ce sukutum amma a kan ruwa. Ƙasarsu siririya ce kamar jirginsu, ba ta wuce gaɓar kogi ba. Sarkinsu, Kuta, yana zaune a Muregi, daidai inda Kaduna ta faɗa Kwara, yana da wakilai a garuruwan gaɓa masu karɓar haraji a madadinsa, shi kuma yana bin Etsu na Bida. Manyan jiragensu suna da rumfar tabarma, a ciki ake girki, a ciki ake kwana, tafiya takan ɗauki makonni. Su ke hauro da gishiri da manja da kayan Turawa daga kudu, su gangara da tufafin Nufe da kanwa da shinkafa, da kuma bayi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Inda ruwa ke da zurfi a yi tuƙi da filafili, inda ba zurfi a dafa gora a ƙasa a tura. In muna neman takwarorin iyalan siraran jiragen Ingila a ƙasarmu, to, ga su nan.

Ƙarfin mutanen nan ya bayyana cikin Janairu 1897. Sa'ad da George Goldie ya ɗauko sojan Kamfanin Neja, waɗanda ba su kai 600 ba, ya nufi Bida, wani babban ɓangare na rundunar Nufe yana kudancin Kwara wajen Kabba tare da Makun Muhammadu. Jiragen kamfani suka tsare kogi, Kyadya kuma, da yake akwai jiƙaƙƙa tsakaninsu da sarakunan Bida, suka juya wa Etsu Abubakar baya. Rundunar ba ta sami fito ba, Bida ta fāɗi. Malaman tarihinmu sukan ba bindigar Maxim dukan ladan wannan yaƙi. A ganinmu masu kwalekwale suna da kaso a ciki wanda ba a cika faɗa ba.

Yadda kogi ya kai Lugga Zungeru ya tsaya

Ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya zauna a Jebba. Duk wuraren nan biyu a bakin Kwara suke, domin a lokacin mulkin Turawa bai wuce inda jirgi mai hayaƙi ke kaiwa ba. Amma idonsa yana kan Kano da Sakkwato. Saboda haka a shekarar nan ya aika da ƙungiyoyin soja su bi kogunan da suka gangaro daga arewa, musamman Kaduna da Gurara, su nemo wurin da za a kafa hedkwata. A taswira kogin Kaduna abin sha'awa ne. Ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Zazzau, ya karɓi ruwan Galma wanda ya biyo ta gefen Zariya, ya yi tafiyar kimanin mil 340 kafin ya isa Muregi. Wanda ya dubi takarda kawai sai ya ce ga hanya Allah ya shimfiɗa har ƙofar ƙasar Hausa.

A ƙasa ba haka abin yake ba. Daga Muregi zuwa Wuya, mafitar mutanen Bida, har zuwa Wushishi, kogin yana tafiya cikin fadama, jirgi mai hayaƙi marar zurfin ciki yana iya hawa da damina. Daga Zungeru zuwa sama kuwa duwatsu ne da gangara. A nan Lugga ya tsaya, ya mai da hedkwata Zungeru cikin 1902. Ko Zungerun ma jirgi ba ya isa gare ta. Tilas aka shimfiɗa 'yar siririyar hanyar jirgin ƙasa, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, daga Wushishi zuwa Zungeru cikin 1901. Da aka ga ruwan Wushishi ba abin dogara ba ne, sai aka ƙara ta zuwa Barijuko cikin 1902, tsawonta ya zama mil 22. Wannan ita ce reluwe ta farko a Arewa, kuma abin lura shi ne an yi ta ne don ta zama baiwar kogi, ta cike inda ya gaza. Da rani kuwa, in ruwa ya janye, komai na gwamnati, daga akwatin kuɗi har buhun siminti da Baturen da zai tafi hutu, sai a cikin kwalekwalen Nufawa ko jirgin ƙarfe mai rumfa da ake turawa da gora. Shekarun nan goma na farko su ne lokacin da masu jirgi suka fi samun aiki.

Daga Zungeru zuwa arewa kuma sai kan mutane. Sojan da suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903 a ƙasa suka tafi, 'yan alaro na biye da su. Abin da talakawan Gwari da na Zazzau suka sha wajen ɗaukar kayan Turawa babi ne mai zaman kansa.

To, me ya hana a yi abin da Brindley ya yi, a haƙa kanal a kewaye duwatsun? Mu komo ga alkalumanmu. Garin Kaduna yana kimanin ƙafa 2,000 bisa teku, Zungeru kuwa kimanin ƙafa 500. Hawa ke nan na ƙafa 1,500 ko kusa da haka. In aka bi awon Tardebigge, sai an gina matakalar ruwa kusan 200. Kanal ɗin da ya fi kowanne hawa sama a Ingila duka, wanda ya ratsa duwatsun Pennine daga Huddersfield, ƙafa 645 ya kai, da matakala 74, kuma bai taɓa mayar wa masu shi kuɗinsu yadda suka zata ba. Sa'an nan ga maganar ruwa. Ingila tana samun ruwan sama kowane wata. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris ko ɗigo babu, ga hunturu da zafin bazara suna shanye abin da aka tara. Kwara tana da wata gata: ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini yakan daɗe cikin fadamun Masina, sai tsakiyar rani yake iso mana, shi ne ake kira baƙin ruwa. Kaduna ba ta da irin wannan ajiya, abin da damina ta ba ta shi ke nan.

Na uku shi ne doki, kuma a ganinmu a nan ne ƙullin yake. Inda kogi ke ɗaukar jirgi, wato kurmin Nufe da Gwari, nan ne gidan ƙudan tsando, doki ko sa ba ya daɗewa sammore ya kama shi, musamman a bakin ruwa inda turbar jan jirgi za ta bi. Inda dabbobi ke da lafiya kuwa, wato Kano da Katsina, babu ruwan da zai ɗauki jirgi. Ruwa yana wuri guda, doki yana wani wurin. Abin da Ingila ta haɗa ta yi arziki da shi, a nan a rarrabe yake.

Baro, sa'an nan Kaduna

Wanda ya gaji Lugga cikin 1907, Percy Girouard, injiniyan reluwe ne ɗan Kanada, wanda ya shimfiɗa wa Kitchener dogo cikin hamadar Sudan. Duk da haka bai fid da rai daga kogi ba. Shirinsa shi ne a ɗauko dogo daga Baro, a bakin Kwara, a kai Kano, mil 356, kaya su gangara Baro a jirgin ƙasa, daga nan jirgin ruwa ya kai su teku da araha. Masu masaƙun Manchesta suka goyi bayan shirin don suna kwaɗayin audugar Arewa. Dogo ya isa Kano cikin 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa cikin 1912. Manoman Kano dai gyaɗa suka ba shi maimakon auduga, amma wannan wani zance ne.

Baro ta ba da kunya. Manyan jirage ba sa isa gare ta sai a 'yan watannin cikar ruwa, wajen Agusta zuwa Oktoba. Gyaɗa kuwa sai an yi kaka ake saye, wato tana isowa gaɓa daidai lokacin da ruwa ke janyewa. Ana cikin haka dogon Legas, wanda ya iso Jebba cikin 1909, ya biyo ta Zungeru ya haɗu da na Baro a Minna. Da farko akan ɗora taragai a jirgin fito a ƙetare da su Kwara, amma da aka gama gadar Jebba cikin 1916 sai kaya suka riƙa wucewa daga Kano har bakin teku ba saukewa. 'Yar hanyar Barijuko tuni aka tumɓuke ta, aka kai ƙarafanta aikin ƙaramin dogon nan na Zariya zuwa Jos domin kuza.

A inda dogon Baro ya ƙetare kogin Kaduna a kan hanyarsa ta zuwa Zariya, nan Lugga ya zaɓa bayan ya komo cikin 1912. Soja suka fara tarewa, ofisoshin gwamnati suka biyo baya, zuwa 1917 hedkwata ta bar Zungeru. Abin da ake so da kogin a wannan karo shi ne ruwan sha. An shata barikin soja da unguwar Turawa da ofisoshi a kan tudun arewacin kogi, mahaɗar jiragen ƙasa tana kudu, inda daga baya dogon Fatakwal ya iso. Wanda ya dubi tsarin tsohon garin zai ga manyan titunansa ba su nufi wata tashar ruwa ba, domin babu ita. Gada ce ta haifi Kaduna. Kwalekwalen da muke gani a bayan Kabala da Unguwar Rimi da Malali na masunta ne da masu ɗiban yashi da masu fito daga wannan gaɓa zuwa waccan, wato dai aikin da fatake suka san kogi da shi tun da can.

Su kuwa Kyadya, waɗanda suka taimaka aka ci Bida, ba su yi shekara 20 ba dogo ya ɗauke musu babban ciniki, mota ta zo ta ƙarasa saura. Suka koma ga su da fito da dakon ƙauyuka.

A Ingila siraran jiragen sun sami wata rayuwa ta biyu. Littafin da L. T. C. Rolt ya buga cikin 1944 game da tafiyarsa a cikinsu ya ta da sha'awar mutane, cikin 1946 aka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwa, masu aikin sa kai suka yashe waɗanda suka cushe. Dakon kaya ya mutu, musamman bayan tsananin sanyin 1962 zuwa 1963 da ya daskarar da ruwa makonni, amma yawon shaƙatawa ya maye gurbinsa. Cikin 2012 aka danƙa kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi ga wata hukumar amana. Mu kuwa kanal ɗin da muka haƙa, irin waɗanda suka taso daga madatsar Tiga ta 1974 zuwa Kadawa, da na Bakolori, na ban ruwa ne. An sa matakalar jirage a madatsar Kainji cikin 1968, amma jiragen kayan da aka yi ta dominsu ba su zo ba. Madatsun Shiroro da Zungeru a kan kogin Kaduna domin lantarki aka yi su.

Mafarkin Girouard dai bai mutu ba. Cikin 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, cikin Janairu 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar Baro, aka yi shekaru bayan nan jiragen kaya ba su fara zirga-zirga ba. Muna ganin da masu shirin sun zauna da takardun Lardin Neja da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a nan Kaduna, da sun tarar da tambayar da ta kayar da Baro ta farko tana nan tana jiransu, wato wata nawa ruwan ke ɗaukar jirgi, kuma wane kaya ne zai iso gaɓa a cikin waɗannan watanni.

Alhali kuwa akwai sufurin ruwa na gaske a wannan yanki, wanda bai taɓa tsayawa ba, sai dai na talakawa ne. Ƙauyukan fadamar Kaduna da Kwara da dama ba su da wata hanya da damina sai jirgin katako, yanzu an ɗaura masa inji. A cikinsa ake zuwa kasuwa da asibiti da biki. Cikin Yuni 2023 wani jirgi ɗauke da 'yan biki ya kife da dare kusa da Patigi, garin da ke fuskantar Muregi ta Kuta, mutum fiye da 100 suka rasu.